Fiƙar Lamba Bakwai

Ran Litinin da safe, saura kwana uku a mayar da ƙasusuwan ga masu su, Kurma ta buɗe kwali na bakwai don ƙirgar ƙarshe, ta tarar da haƙorin da ba ta sani ba a bakin matar.

Ba kurma ba ce. Duk sashen babu mai kaifin kunnenta. Dakta ne ya laƙa mata sunan tun shekararta ta farko, saboda in an yi mata magana sai ta kalli takalminta ta gyaɗa kai, sunan kuwa ya bi ta har bakin masu shara. Amfaninsa ɗaya: mutane na zuba zance a gabanta kamar tana cikin kujerun ɗakin.

Ɗakin ƙashi yana ƙasan bene, can ƙarshen baranda, bayan inda ake tara tebura masu ƙafa uku. Teburan ƙarfe biyu ne a ciki, da fanka mai kukan tsufa, da taga ɗaya can sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun ɗalibai masu wucewa. A kan kantar da ke jikin bango kwalaye goma sha ɗaya ne, mutum ɗaya a kowane. Masu haƙa ramin tankin ruwa ne suka ci karo da su a gefen wani gari mai nisan awa huɗu a mota, gawayin da aka samu tare da su ya nuna sun haura shekara ɗari huɗu a ƙasa. Mutanen garin suka ce kakanninsu ne. Da ƙyar da jiɓin goshi suka yarda a ara wa jami'a su wata shida, shi ma sai da aka rubuta yarjejeniya: a duba, a auna, a ɗauki hoto, ba yanka, ba huda, ba kankara, a mayar da su yadda aka karɓa. Wata tsohuwar nas mai ritaya, wadda duk garin ke kira Sista, ita ta tsaya kai da fata sai an sa wannan layin, ita ce kuma ta bi kowane ƙashi da yatsa ta ƙirga ranar da aka ɗauko su.

Lamba Bakwai mace ce da ta rasu tana wajen shekara talatin. Haƙoranta ashirin da tara. A jikin na gaba akwai layuka uku a kwance, kamar shatin da ruwa ke bari a cikin randa idan yana raguwa. Haƙori yana ginuwa ne tun mutum na yaro. In yunwa ko ciwo mai tsanani ya kwantar da yaron, ginin sai ya tsaya, in ya farfaɗo ya ci gaba, wurin tsayawar ya bar shati har abada. Sau uku matar nan ta leƙa kabari tana ƙarama ta dawo. A kan waɗannan layukan Kurma ta gina kundin digirinta gaba ɗaya. Ta zana su, ta auna su, ta san su fiye da layukan tafin hannunta.

Fiƙar hagu ta sama, wadda layukanta suka fi kowanne fitowa, yau sumul take kamar ƙwai.

Ta cire safar hannu, ta goge tabarau, ta sake sakawa. Ta jawo fitila. Girman daidai ne, gefen daidai, har cinyewar bakin daidai. Launin ma an yi ƙoƙari. Da ta kai hanci kusa sai ta ji ƙamshin gam, a ƙarƙashinsa kuma wani abu kamar shayi.

Sai ta tuna bakin da ya jawo wannan. Wata biyu da suka wuce tana sunkuye a kan wannan muƙamuƙin, Dakta na bayanta yana neman biro, ta ce, kusan da kanta take magana, da za a iya tsaga fiƙar nan a duba cikinta da an san shekarar da kowane ciwo ya same ta, har da kwanakin da ya yi. Dakta ya sami bironsa ya fita. Baki shi ke yanka wuya.

Wajen ƙarfe goma ya shigo, kofin shayi a hannu, duk da takardar da ke manne a ƙofa ta hana shiga da abin sha. Shi ne mataimakin Farfesa, mai jiran ƙarin girma tun shekara huɗu, kuma duk wanda ke ƙasa da shi ya san da haka a jikinsa.

"Dakta," in ji ta. "Fiƙar hagu."

"A'a, yau Kurma ta yi magana. A rubuta ranar." Ya ajiye kofin kusa da ƙashin cinyar matar. "Me ya sami fiƙar hagu? Ciwo take mata?"

"Ba tata ba ce."

"Ƙirga min haƙoran."

"Ashirin da tara."

"Fom ɗin nawa ya ce?"

"Ashirin da tara."

"To mene ne naki a ciki? An ce ki ƙirga, kin ƙirga. Ki sa hannu ki rufe kwali, akwai huɗu suna jiranki."

Ta ɗauke kofin daga teburin ta ajiye a kan kujera.

"Babu layi a jikinta," in ji ta.

Ya sunkuya ya duba, ta ga lokacin da abin ya shige shi. Lokacin da zai yi canjin ya auna tsayi, ya auna faɗi, ya jiƙa haƙorin a shayi don ya yi launin tsufa, amma bai duba fuskarsa ba, don shi a wajensa kallon bayan haƙori aikin ɗalibai ne. Ya miƙe yana dariyar da ba ta kai ido ba.

"Ke kaɗai ce a duniya za ki ga wannan. Tsohuwar nan da ke da yana a ido ko giwa aka sa mata a kwalin sai ta ce ashirin da tara. Zo ki ga wani abu."

Ya buɗe kabad ɗinsa da makulli ya fito da ɗan gilashi mai faɗin yatsa biyu. A manne da shi akwai yanki siriri kamar fatar albasa. Ya ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ja baya.

Ta so ta ƙi. Ƙafafunta ne suka kai ta.

Ta leƙa. Cikin haƙorin layuka ne ƙanana jere da juna, kowanne kwana guda na rayuwar yarinyar, kamar an aje wani yana ja mata layi kullum da safe. Ga duhu na farko, ga na biyu. Na ukun ya fi su kauri nesa ba kusa ba.

"Shekara biyu da rabi, shekara uku, shekara huɗu da wata biyu," in ji Dakta a bayanta. "Na ƙarshen kwana arba'in da ɗaya ta yi a kwance. Na ƙirga sau uku. Ke wata shida kina lallaɓa bayan haƙori da ma'auni kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, me kika samu? Wajen kaza zuwa kaza. Ni da zarto na yini ɗaya ga shi har kwanaki."

"Yarjejeniyar ta ce..."

"Yarjejeniyar ta ce, yarjejeniyar ta ce. Wa ya fara kawo shawarar? Ni dai na san muryar da na ji."

Ta ɗago daga madubin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tana son ta sake leƙawa.

"Daga ina wadda ke bakinta yanzu ta fito?"

Ya nuna durowar koyarwa da haɓa. Durowa ce doguwa cike da gwangwanaye, haƙora ɗaruruwa a ciki, waɗanda aka tara tun kafin Farfesa ya shiga firamare, ba suna ba lamba. A kansu 'yan aji ɗaya ke koyon bambance fiƙa da matauni.

"Yallaɓai ya sani?"

"Hau ki tambaye shi mana. Ai kin iya magana yau."

Ofishin Farfesa yana hawa na biyu, da sanyin na'ura da labule mai kauri. Kundinta na kan teburinsa, ta gane shi da koren bangonsa, an ɗora masa farantin kofi a kai. Ran Juma'a ne ranar ƙarshe ta miƙa kundi da sa hannun mai duba aiki. Shekara uku aka ba ta, ta cinye su. In Juma'a ta wuce, rajistarta ta mutu.

Ta gaishe shi a tsaye. Bai ce ta zauna ba. Ta faɗi abin da ya kawo ta cikin jimla biyu, idonta a kan kafet.

"Ban ji abin da kika ce ba," in ji Farfesa, yana juya takarda. "Kuma ina ba ki shawara kada ki maimaita, don in na ji dole in tambayi wa ke riƙe da makullin ɗakin. Makulli nawa ne?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Ɗaya na Dakta, ma'aikacin jami'a mai shekara goma sha biyu a aiki. Ɗayan fa?"

Ta dafa aljihunta, inda ɗayan yake.

"Mutanen nan ran Alhamis za su kwashi ƙasusuwan su zuba a rami, ƙasa ta gama cinye su. Abin da matar nan za ta iya faɗa wa duniya game da cututtukan yara a zamaninta ya tafi ke nan. Gram ɗaya na haƙori. Ni ban sa kowa ba, ban hana kowa ba. Ki gama fom ɗinki goma sha ɗaya, ki sa hannu, ki kawo min. Daga nan in duba wannan." Ya taɓa koren bangon da bayan biro. "Ja min ƙofar."

Da yamma ta koma gida a motar haya, ta sauka a bakin titi ta taka sauran. Ɗaki biyu ne da falo a saman wani shagon fenti, ita da Mama da Yaya. Yaya tela ce, kekenta a falon yake, kuma tun ranar da ta gane irin karatun da ƙanwarta ke yi ta ware mata kofi da faranti, ta ɗaura wa kofin jan zare a hannu.

"Ga mai gawa ta dawo," in ji Yaya, ba ta ɗago daga keken ba. "Sabulu na bakin famfo. Har gwiwar hannu, don Allah."

Kurma ta wanke har gwiwar hannu. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerar Mama, wadda ke jera ƙwayoyin hawan jini na mako a ɗan akwatinsu. Ba ta yi niyyar faɗa ba. Mama ce ta ce, "Auta, fuskar nan fa?" sai zancen ya zubo, a hankali, tana kallon siminti.

Keken ya tsaya.

"Ban gane ba," in ji Yaya. "Haƙori? Haƙorin wadda ta mutu tun kafin a ƙirƙiro gishiri? Shi za ki tsaya a kai?"

"An yi alkawari, Yaya."

"Ke kika yi? Shekara uku muna shaƙar warin kabari a gidan nan. Ƙawayena sun daina cin abincinmu. Duk wanda ya tambaya in ce ai likitanci take karantawa, don kunya. Yanzu saura kwana huɗu ki ce za ki dawo mana hannu rabbana saboda tauna? Me za ta tauna a can?"

"Ba a nan take ba."

"A ina take? Ke da ko mai kayan miya ya cuce ki canji ba kya iya buɗe baki, yau kin zama lauyar matattu. Sa hannu, malama. In zunubi ne na masu zarto ne."

Ta ci gaba da taka keken da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Mama ta rufe akwatin maganin, ta danna kowane murfi har ya yi ƙara. Ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa tambayar abin da ke cikin kundin ba.

"Shi wanda suka sa mata," in ji Mama, "na waye?"

"Ba a sani ba, Mama. Daga durowa aka ɗauko."

"Namiji ne ko mace?"

"Ba a sani ba."

"To." Mama ta miƙa mata akwatin ta ajiye a kan talabijin. "Ita a binne ta da haƙorin baƙo. Shi kuma baƙon a kai shi garin da bai taɓa zuwa ba. Ikon Allah."

Ba ta ce a sa hannu ba, ba ta ce kada a sa ba. Kurma ta sha ruwa a kofinta mai jan zare.

Talata da Laraba ta ƙirga sauran kwalayen, ta sa hannu a fom goma. Na bakwai ta bar shi a ƙasan tarin. Dakta na shigowa sau uku a yini yana tambayar ko biro ne ya ƙare, ya ara mata nasa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ranar Laraba ta ga kabad ɗinsa ya ƙaru da sabon kwaɗo.

Ran Alhamis da hantsi suka iso a wata farar motar ɗaukar kaya: Sista da maza biyu, ɗaya ƙanenta ne, ɗaya direba. Sista gajeriya ce mai faɗi, da sandar ƙarfe irin ta asibiti da tabarau masu kaurin gindin kwalba. Ta ƙi hawa ofishin Farfesa shan ruwa.

"Ba ziyara na zo ba," in ji ta. "Ina mutanena?"

Dole Farfesa ya sauko ƙasan bene, abin da rabonsa da yi tun ranar da aka kawo kwalayen. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jawabi a kan haɗin kai tsakanin jami'a da al'umma. Sista ta bar shi ya kai tsakiya, ta juya wajen Kurma.

"Ke, 'yar nan, ba ni safar hannu. Ƙarama. Shekara talatin da biyar ina sa ta, kar ki ba ni ta maza."

Tsarin mai sauƙi ne, kuma Sista ce ta shimfiɗa shi tun farko. Kurma ta karanta sunan ƙashi daga fom, Sista ta taɓa shi da yatsa ta ce ga shi, ƙanenta ya yi alama a kwafinsu. In kwali ya cika, su biyun su sa hannu, direba ya naɗe da farin yadi ya kai mota. Kwali na ɗaya ya ci minti arba'in. A na uku Sista ta kama an sa ƙashin yatsa a jakar ƙafa, ta yi musu tatas.

"Jami'a guda ba a san hannu da ƙafa ba. Da a ɗakina ne na asibiti da kun sha kora."

"Kuskuren ɗaliba ne, Hajiya," in ji Dakta.

"Sista. Kuma ban tambaye ka ba."

Azahar ta gota kafin a kai na bakwai. Kurma ta karanta ƙoƙon kai, ta karanta muƙamuƙi, muryarta ƙasa ƙasa har sai da Sista ta ce ta ɗaga, ba a gidan makoki ake ba tukuna. Aka zo haƙora. Sista ta sunkuya har tabaranta ya kusa taɓa ƙashin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, leɓenta na motsi. Yatsar ta hau fiƙar hagu, ta sauka, ta wuce.

"Ashirin da tara. Daidai."

Dakta ya saki numfashi ta hanci. Ƙanen Sista ya yi alama. Aka gama haƙarƙari da ƙugu da ƙafafu. Sista ta sa hannu, ta tura wa Kurma fom ɗin da biron.

Kurma ta riƙe biron. Ta taga ƙafafun ɗalibai na wucewa, wasu da takalmi sau-ciki, wasu da silifa. Ta ji fanka. Ta ji Farfesa yana kaɗa makullin motarsa a aljihu. Babu wanda zai taɓa sani, wannan gaskiya ne, Dakta bai yi ƙarya ba. Nan da jibi ƙasa ta rufe zancen.

"Sista," in ji ta. "Ashirin da takwas ne nata."

"Me kika ce? Ɗaga murya."

"Fiƙar hagu ta sama ba tata ba ce. An cire tata an tsaga. Wannan daga durowar can aka ɗauko aka manna."

Farfesa ya daina kaɗa makullin.

"Yarinyar nan ba ta da lafiya," in ji Dakta. "Gajiya ce, kwana uku ba ta..."

"Rufe min baki." Sista ba ta ko kalle shi ba. "Nuna min."

Kurma ta buɗe kundin hotuna ta fito da na ranar farko, babba, layuka uku ɓaro-ɓaro. Sista ba ta iya ganin na jikin haƙorin ba, don haka ta cire safar hannun dama ta sa farce. Ta ja shi a kan fiƙar dama: ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ta ja a kan ta hagu, farcen ya zame bai tsaya ko'ina ba.

Ta miƙe a hankali, ta dogara da sandar.

"Farfesa. Kai ka sa hannu a takardar nan ko wani ya sa maka?"

"Sista, wannan labari yanzu nake jin sa, kamar yadda kike ji. Za a kafa kwamiti..."

"Ka kafa shi a bayan motata. Ina haƙorin?"

Ƙanen Sista ya ajiye takardunsa ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Farfesa ya kalli Dakta, irin kallon da ake yi wa tabo a riga. Dakta ya buɗe sabon kwaɗon, ya buɗe tsohon, ya fito da ɗan gilashin da wata ƙaramar jaka mai ɓari biyu na haƙori daskare cikin danƙo. Ya dire su a tebur.

"Tunda yau ranar gaskiya ce," in ji shi, "a tambayi waliyyiyar wa ya fara cewa a tsaga."

Sista ta juyo da tabaranta kan Kurma.

"Ni ce," in ji Kurma. "Na ce da za a iya. Ban ce a yi ba. Amma ni na faɗa. Kuma da ya nuna min na leƙa."

"Yaushe kika san an canja?"

"Litinin."

"Litinin. Yau Alhamis. Lambata na kan takardar nan, ko wayarki ma kurma ce? Kika bar ni na ƙirga, kika bar ni na sa hannuna a kan ƙarya, sannan kika buɗe baki." Ta ja fom ɗin ta soke sa hannunta da layi biyu har takardar ta yage. "In jira kike in gode miki, sai ki nemi kujera. Cire mata wannan abin daga baki."

Kurma ta jiƙa auduga da ruwan narkar da gam, ta dinga ɗiga shi a gindin fiƙar tana jira. Aikin ya ci kusan minti goma, kuma duk suna tsaye a kanta. Ba ta yi sauri ba, don ƙashin wajen siriri ne. Da haƙorin ya saki ta ajiye shi a gefe, ta goge ramin, ta naɗe ɓari biyun da ɗan gilashin a auduga ta sa a jaka, ta rubuta: fiƙar hagu ta sama, an tsaga, gutsure uku.

"Abin da ke cikin gilashin nan," in ji Farfesa, murya ta yi laushi, "tarihin lafiyar kakarku ne. Kwana arba'in da ɗaya ta yi tana jinya tana 'yar shekara huɗu, ta rayu. Ba kwa son duniya ta san wannan?"

"Ashe ka san kwanakin," in ji Sista. "Kai da yanzu kake jin labari."

Ta dire sandarta a ƙasa ta ci gaba.

"Da kun tambaya, da na kai maganar gaban mutane. Wataƙila su yarda, wataƙila su ƙi. Ni kaina da na so in sani, yara nawa na yi jinya a rayuwata. Amma ba ku tambaya ba. Layi na tara na takardar nan ya ce in kun saɓa, izini ya tashi. Duka. Hotuna, awo, zane, na mutum goma sha ɗayan nan. Kada in ga ko layi ɗaya a wata mujalla." Ta nuna kundin hotunan da sanda. "Har naki, 'yar nan."

"Na sani, Sista."

Ta sani tun Litinin. Layi na tara ita Kurma ta buga shi a na'ura da hannunta.

Sauran kwalaye huɗun Sista ta sa aka ƙirga su sau biyu, tana jan farce a kan kowane haƙori. La'asar ta yi kafin motar ta tashi. Ba ta yi sallama da kowa ba. Farfesa ya hau sama, bayan minti biyar sakatariyarsa ta sauko da kundi mai koren bango ta ajiye a kan teburin ƙarfe, da shatin kofi a bayansa, shafin sa hannu fari fat.

Dakta na jingine da ƙofa, tafin hannunsa a buɗe.

"Makulli. Yallaɓai ya ce kafin ki fita. Kin kashe ni, kin kashe kanki, tsohuwar ko sannu ba ta ce miki ba. Sai ki je gida ki ci gaskiya da miya."

"Ina zuwa."

Kantar kwalayen ta zama wayam. A kan teburin babu abin da ya rage sai fiƙar baƙon, da launin shayi da ɓurɓushin gam a gindinta. Kurma ta wanke ta da ƙaramin buroshi, ta shanya a kan auduga. Ta jawo durowar koyarwa, gwangwanayen suka yi ƙara. Har ta kai hannu za ta jefa ta cikin 'yan'uwanta sai ta fasa. Ta ɗauko sabuwar jaka da takardar manni, ta cire murfin biro.

Wajen suna ta tsaya. Wajen gari ta tsaya. Daga ƙarshe ta rubuta abin da ta sani: babba ne, fiƙar hagu ta sama, bai yi ciwo mai tsanani yana yaro ba.

"Kurma, ba kwana zan yi a nan ba."

Ta sa jakar a kusurwar durowar ita kaɗai, ta tura ta rufe. Ta zare makullin daga zoben makullan gida, wanda ya ɗan ba ta wuya don farcenta gajere ne, ta ajiye masa a kan tebur maimakon tafin hannunsa. Sannan ta ɗauki kundinta ta bi baranda, tana lissafin motar da za ta kai ta gida kafin Yaya ta rufe keke.